Inda Baƙin Ruwa Ke Kwana

A ƙauyenmu da ke bakin tafki, tsakanin Yelwa da Warra, ba a hura wuta don hira kawai. Itace yana da wuya, kowace mace kuma ta san abin da za ta yi da nata. Wutar da muka taso muna zama a gefenta ta bandar kifi ce. Kakata ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Ige, tana da murhun banda na laka a bayan ɗakinta. Idan maza suka dawo daga su da la'asar, aiki ya same ta ke nan har bayan isha'i. Takan wanke tarwaɗa, ta lanƙwasa ta, ta soke da tsinke, ta jera a kan waya, hayaƙi yana bi ta ƙarƙashi. Mu jikoki mukan kewaye murhun saboda ɗumi, da kuma kan kifin da ya ƙone wanda ba zai sayu ba.

Ige mutuniyar gungu ce. A wani tsibiri aka haife ta, a tsakiyar Kwara, tun kafin a datse gulbin ruwa ya haɗiye garuruwansu. Da tsararrakinta Gunganci take yi, da mu kuwa Hausa. Ba mace ce mai yawan fara'a ba. Idan tana tatsuniya ba ta sauya murya, ba ta waƙa, ba ta kuma dakatar da aikin hannunta. Yadda za ta gaya maka kuɗin gishirin manda a kasuwa, haka take gaya maka mutum ya mutu a cikin labari. Mukan fi son tatsuniyar wata maƙwabciyarmu mai kwaikwayon kukan kura, amma nata duk na manta su, na Ige ne suka zauna.

Wata rana cikin ɗari, yayata Hassi ta dawo daga wanke kwanuka a bakin ruwa, ta ce ruwa ya washe har tana hango yatsun ƙafarta a ƙasa. Ni kuma na tambayi abin da ya daɗe yana damuna. Damina ta wuce tuntuni, ciyawa ta bushe, amma tafki bai ja baya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi.

"Baƙin ruwa ne ya iso," in ji Ige.

Ta yi mana bayani a taƙaice. Kwara cika biyu take yi a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, mai zuwa cikin damina, mai kauri kamar an dama koko. Wannan kowa ya san daga ina yake, tunda a kanmu ake zuba shi. Na biyu kuwa sai an gama girbi yake zuwa, babu hadari, babu ko ɗigo. Garau yake, don haka idan ka kalle shi daga nesa sai ka ga ya yi duhu.

"To daga ina yake zuwa?" na ce.

"Maigida, ka cika tambaya," ta ce. Haka take kirana cikin wasan jika da kaka. "Akwai wanda ya riga ka wagga tambaya. Ku gyara zama. Ga ta nan ta taso daga gulbi."

Muka ce ta sauka mu gan ta.

Wai a zamanin da, fari ya koro wani mutum daga ƙasar tudu, inda ba a san wani ruwa ba sai na sama da na rijiya. Sunansa Arzika. Ya zo da matarsa Tumba da 'yarsu ƙarama, ya roƙi sarkin gungu wurin zama. Aka ba shi gona a wutsiyar tsibirin. Manomi ne na gaske, shekarar farko ya samu gero da shinkafa fiye da wasu 'yan gari. Da ya yi girbi bai gama ginin rumbu ba, sai ya tara dammunansa a kan wani yashi mai faɗi da gulbi ya janye ya bari. Maƙwabta suka ce ya ɗauke ya kai tudu, baƙin ruwa yana tafe. Arzika ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga babu ko gajimare. Ya yi musu godiya, ya ce da zarar rumbu ya bushe zai kwashe.

A shekarar nan ruwan ya zo da wuri. Wata safiya ya fito, inda ya bar hatsinsa babu komai sai ruwa shimfiɗe, mai haske, har yana ganin sauran zangarniya kwance a ƙasa. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, don har 'yan gari da suka san halin gulbin an shammace su, saboda haka wanda zai taimake shi ma taimako yake nema. Da bazara ta zo yunwa ta shiga gidansa, yarinyar ta yi zazzaɓi, jikinta bai da ƙarfin ɗauka, ta rasu.

Ige ta faɗi wannan a jimla guda, ta juya kifi.

Bayan an share makoki Arzika ya shiga tambaya. Wani ya ce aljanin ruwa ne yake buɗe ƙofarsa sau ɗaya a shekara. Wani ya ce akwai wani gulbi a ƙarƙashin ƙasa da ke amayowa. Wani dattijo ya ce ikon Allah ne, ya yi haƙuri. Arzika ya ce bai musa ba, amma ruwan damina ma ikon Allah ne, kuma ta hadari yake biyowa. Shi wannan ta ina yake biyowa? Babu wanda ya sani. Sai ya ba da akuyarsa aka ba shi ƙaramin jirgi, ya ce zai bi gulbin sama har ya ga inda ake zubo shi.

A lokacin Tumba tana da ciki. Ige takan rage gudu idan ta zo nan.

"Tumba ta ce mishi, in ka iske mai zubo shi, mi za ka ce? Ya ce, in tambaye shi dalili. Ta ce, in ya gaya maka dalilin, ɗiyar za ta dawo? Da asuba ya kwance jirginai."

Tafiyar ba ta kwana kaɗan ba ce. Gulbi yana gangarowa, shi yana hawa, yana bin gefe yana dogara gora. Idan guzuri ya ƙare sai ya tsaya a wani gari ya yi wa masunta aiki, ko ya yi noman damina a gonar wani, sannan ya ci gaba. Duk inda ya sauka tambayarsa ɗaya ce, amsar ma ɗaya: daga saman gulbi yake zo mana. Sai dai ya lura da wani abu. Duk yadda ya ƙara nisa, sai ya tarar mutanen wurin sun fi na baya saurin ganin ruwan a cikin shekara.

Ya wuce ƙasar Zabarmawa. Ya shiga inda itatuwa suka ƙare, gulbin yana ratsa rairayi dama da hagu, raƙuma suna saukowa shan ruwa, maza sun naɗe fuska sai ido. A can, in ji Ige, sai yaro ya yi wayo bai ga ruwan sama mai kirki ba, amma ga gulbi cike yana wucewa ta ƙofar gidansu. Arzika ya ce a ransa, to lalle ba nan ba ne.

Daga nan ya kai wata ƙasa da gulbin ya rasa gaɓa. Ko'ina ka duba ruwa ne da burugu, ciyawar nan mai tsawo da shanu ke so. Garuruwa a kan 'yan tuddai suke kamar ƙwarya a kife. Shanun Fulani suna iyo daga wannan tudu zuwa wancan, tsuntsaye kuwa idan suka tashi sai sun tare rana. Ya yi kwanaki yana yawo a cikin ciyawa bai san gabas ba bai san yamma ba, har masunta suka tsince shi suka kai shi wurin wata tsohuwa da ta ɗan ji harshen mutanen ƙasarsa.

Ya gaya mata abin da ya kawo shi. Ta sa aka ɗebo mata ruwa a masaki daga inda gulbin ke shigowa ƙasarsu, ja wur da laka. Ta ajiye a gefen ɗaki ta ce kada ya taɓa. Da gari ya waye ta kira shi. Lakar ta kwanta a gindi, ruwan da ke kanta ya tsaya garau.

Ta ce masa haka ƙasarsu take yi wa gulbin. Daga wasu duwatsu yake fitowa, can nesa, inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Idan ya iso nan sai ya bazu cikin ciyawa, ya rasa hanya, ya riƙa jan jiki. Wata da watanni yana kwance yana zubar da lakarsa. Kafin ya tattara kansa ya fita ta ɗaya gefen, damina ta daɗe da wucewa.

Arzika ya ce, to wa ke zubo shi a kan duwatsun?

Ta ce, hadari.

Ya ce, wane irin hadari?

Ta ce, irin naku. Damina ɗaya ce. Hanya ce kawai da nisa.

Ige ta ce a nan Arzika ya zauna a ƙasa. Shekaru yana tafe da magana a bakinsa, ya shirya ta, ya gyara ta, yana jiran ranar da zai tsaya gaban wanda ya kwashe masa hatsi. Ashe babu kowa. Ruwan sama ne da ya makara a hanya. Ya tambayi tsohuwar ko ya ƙarasa duwatsun. Ta ce ya je in yana so, amma abin da zai gani shi ne ana ruwa.

Sai ya juya. Komowa ba ta yi wuya ba, tunda gulbi ne ke ɗauke da shi. Ya baro ƙasar ciyawa tana cike maƙil. Da ya iso ƙasar rairayi ya tarar ruwan yanzu ya fara hawa. A ƙasar Zabarmawa ko alamarsa babu. Da ya hango gungunsu, yashin da ya taɓa tara hatsi a kai yana nan a fili, yara na wasa a kansa. A nan ya gane cewa mai jirgi da ke tuƙi ya fi baƙin ruwa sauri.

Bai gane gonarsa ba. Ya bar ta busasshiya, ya tarar da ita shar, an yanka ta ƙananan fangali, mata suna ta aiki a ciki, suna ɗibo ruwa daga gulbi kafin baƙin ruwa ya iso. Abin da ya faru shi ne, bayan tafiyarsa Tumba ta haihu, namiji. Da shiru ya yi yawa mutane suka riƙa kiran yaron Audi, sunan da ake ba wanda bai tarar da ubansa ba. Ba ta da mai yi mata noman damina, ga baki biyu. Sai ta lura cewa ruwan da ya cuce su yana zuwa har bakin gona ne a daidai lokacin da ƙasa ta bushe kowa ya ajiye fartanya. Ta ba wani ɗan kasuwa busasshen kifi ya ba ta irin albasa. Ta ja 'yan ƙananan hanyoyi daga gaɓa zuwa cikin gona, ta shiga ruwa har gwiwa, tana ɗiba da ƙwarya tana watsawa. Shekarar farko rabi ya ruɓe. Ta biyu ta gane cewa albasa ba ta son ruwa ya kwana a gindinta. Daga nan sauran mata suka bi sahu.

A cikin ruwan ya same ta. Ta dube shi, ta fito, ta kai shi gida, ta ba shi tuwo. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon baƙo. Arzika ya ba ta labari tun daga farko, raƙuma da rairayi da ƙasar ciyawa da masakin tsohuwa. Ta saurara har ya gama.

"Ta ce, ashe ruwan sama ne. Ya ce, ruwan sama ne. Ta ce, to. Ga ƙwarya can, fangalin gabas ba su sha ba."

Mun yi dariya a nan, Ige ba ta yi ba. Ta ci gaba da cewa washegari Arzika ya je wurin sarkin gungu ya gaya masa abin da ya gano a hanyar komowa. Tun daga ranar, duk jirgin da ya gangaro daga saman gulbi, kafin a tambayi mai shi abin da ya ɗauko, sai a ce masa, ina kunka baro ruwa? Idan ya ce a ƙasar rairayi, an san da saura. Idan ya ce a Zabarma, sai kowa ya kwashe abin da ya bari a ƙasa, masu albasa kuma su gyara hanyoyinsu. Ba a sake shammatar gungun ba.

"Iyakarta ke nan," in ji Ige. "Na ja jirgina tudu."

Gardama ta tashi tsakanina da Hassi. Ni na ce Arzika ne gwani, shi ya je ya gano. Hassi ta ce ba don Tumba ba da ya dawo ya tarar da kabari biyu. Muka ce Ige ta raba mu. Ta ce ita kifi take gasawa, ba alƙalanci ba, ta kore mu mu je mu kwanta.

Da na shiga sakandare a Yelwa, malamin labarin ƙasa ya zana mana Kwara a allo. Ya fara daga duwatsun Gini, ya ja layi ya hau arewa cikin Mali, ya yi wani wuri mai faɗi ya ce nan gulbin yake bazuwa, ya lanƙwaso ta bakin hamada, ya gangaro ta Nijar har zuwa inda muke zaune. Ina kallo ina gane kowane zango. Na yi niyyar in tambayi Ige idan na koma hutu, sai wasu abubuwa suka ɗauke mini hankali, kamar yadda suke ɗauke wa yaro. Ta rasu ina ajin ƙarshe. Abin da na sani shi ne, a rayuwarta ba ta taɓa wuce kasuwar Yelwa ba ta wajen arewa.

Yanzu ina gyaran injin jirgi a Warra, ina da iyali. Kwanakin baya na je ƙauye duba Inna, mahaifiyata, na same ta tana ɓarar gyaɗa. Hira ta kai mu kan Ige, sai na tambaye ta a ina tsohuwar ta ji labarin ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba.

"Wurin babana," in ji Inna. "Ba a taɓa gaya maka ba?"

Abin da na sani game da kakana namiji shi ne ya rasu kafin a haife ni. Inna ta ce lokacin da aka tashe su daga gungu aka kawo su sababbin gidaje a tudu, ya kasa zama. Ƙasar tsakuwa ce, ruwan kuma ba wanda ya sani ba ne, ya jefa taru inda yake zaton rami ne ya kamo rassan itace. Sai ya bi wasu masunta da za su arewa, ya ce damina ɗaya zai yi. Inna tana 'yar ƙarama a lokacin. Sai da ta isa aure ya dawo, a rame, yana tari.

"Ige ta karɓe shi?" na ce.

"Ta share mishi ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi murna ba. Da yamma sai ta shimfiɗa mishi tabarma kusa da murhun banda don ɗumi. Tana aiki tana tambaya tai. Bayan wanga gari sai wane? Mi sunka ci a can? Ruwan wane launi ne? In ya gaji ya yi shiru, sai ta ce, tunda ka tafi ka gani kai kaɗai, ai sai ka faɗi duka. Haka sunka yi har ya cika."

Na ce, "Amma ya kawo wani abu, ko? Kamar na cikin tatsuniya."

Inna ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Bargo ɗaya ya dawo da shi. Kuma babu ɗiyar da ta rasu kafin ya tafi. Tashi kawai ya yi."

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta gulbi ce, kuma ta gulbin ce, don har yau ban ji wanda ya bayyana baƙin ruwa fiye da yadda Ige ta yi ba. Amma a hanyar komawa Warra, a kan babur, wani abu dabam nake ta juyawa. Ƙasashen nan duk nasa ne, shi ya gan su. Sauran kuwa ita ta ƙara. Mutumin da ya tafi babu dalili, ta ba shi dalili mai nauyi wanda ba wanda zai zarge shi a kai. Ya dawo hannu wofi, ta sa masa a hannu abin da ya tsare gari guda daga yunwa. A haka ta miƙa mana shi, mu jikokinsa da ba mu taɓa ganinsa ba, ba tare da ta ce mana shi ne ba.